Wa Zai Biya Abin Da Aka Jefa A Teku?

 

Duk wanda ya taɓa shiga wata masana'anta, ta saƙa ce ko ta casar shinkafa ko ta siminti, ya ga manyan injuna a girke a ƙasa sai ka ce a nan suka tsiro. Alhali kuwa galibinsu baƙi ne. A wata ƙasa mai nisa aka ƙera su, Jamus ko Italiya ko Sin ko Indiya, kuma a kan ruwa suka zo, gama kuɗin ɗauko irin nauyinsu ta jirgin sama ya fi ƙarfin ciniki. Kafin inji ya bar inda aka ƙera shi akan kwance abin da ke kwantuwa, a shafe ƙarfen da man hana tsatsa, a naɗe shi ruf saboda iskar teku gishiri gare ta, a kafe shi a kan katako, sa'an nan a rubuta nauyinsa a jikin akwatin, a sa alama inda za a saƙala ƙugiya da inda nauyin ya fi rinjaya. Wanda zai shiga kwantena, mai ƙafa 20 ko mai ƙafa 40, sai a sa shi ciki, muddin ita da abin da ke cikinta ba su wuce wajen tan 30 ba. Wanda ya fi ƙarfinta a ɗora shi a kan wata irin kwantena marar rufi marar bango, a ɗaure. Akwai kuma wanda sai an nemo masa jirgi na musamman, a tamke shi da sarƙoƙi, a yi waldar ƙarafa a jikin jirgin a tokare shi ta kowace fuska, kamar hasumiyar tace ɗanyen mai da aka ɗauko daga Sin zuwa matatar Ɗangote a Legas cikin 2019, wadda tsawonta ya wuce mita 100, nauyinta kuwa ya haura tan 2,000.

To, in an gama wannan duka, mai kaya ya biya kuɗin dako, akan ba shi takardar lodi, watau shaidar cewa jirgi kaza ya karɓi kaya kaza zai kai su tasha kaza. A bayan takardar akwai sharuɗɗa da aka buga da ƙananan baƙaƙe, waɗanda da wuya a sami mai kayan da ya zauna ya karanta su. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan shi ne abin magana a wannan mako.

Ran 23 ga Maris, 2021, wani ƙaton jirgin kwantena mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin ruwan Suwez na ƙasar Masar, goshinsa ya kafe a gaɓa, ya toshe hanya. Kwana shida aka yi ana haƙar yashi daga ƙarƙashinsa, jiragen ja suna ta fama da shi, jirage fiye da 400 kuwa suna jiran hanya, kafin ya motsa ran 29 ga watan. Hukumar mashigin ta tsare shi tana neman diyyar dala miliyan 916, ba a sake shi ba sai ran 7 ga Yuli, bayan an sasanta. Kayan da ke ciki, kwantena wajen 18,000, mafi yawansu ko ƙwarzane ba su yi ba. Amma tun a farkon Afrilu kamfanin ƙasar Japan mai jirgin ya yi shelar abin da za a iya kira da Hausa asarar tarayya. Ma'anarta ita ce, duk wanda yake da kaya a jirgin, babba ko ƙarami, ba zai ɗauki kayansa ba sai ya sa hannu a takardar alkawari, ya kuma kawo mai lamuni ko ya ajiye kuɗi, cewa zai biya rabonsa na abin da aka kashe wajen ceton jirgin.

Mai karatu ya ƙaddara mutumin da injinsa yake cikin wannan jirgi. Ya ci bashi ya sayi injin, ya biya dako, ya gina wurin da zai girke shi, ya ɗauki ma'aikata suna jira. Ba shi ya tuƙa jirgin ba, ba shi ya turo iskar da ta kaɗa shi ba, bai san sauran masu kayan ba, su ma ba su san shi ba. Ga injinsa lafiya lau a tasha, an ce masa sai ya biya. In ya ce an zalunce shi, babu wanda zai yi mamaki, gama abin da kowa ya sani ne a shari'a cewa dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da yardarsa, kuma ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Tambayar ita ce, wannan biya da ake nema adalci ne, ko kuwa ƙarfa-ƙarfa ce da masu jirage suka lulluɓe da doka?

Mas'alar ta girmi kwantena, ta girmi jirgi mai inji. Tun zamanin jiragen katako, in guguwa ta taso aka ga jirgi zai nutse, dabara ɗaya ce, a rage masa nauyi. Mutanen tsibirin Rodas da ke Bahar Rum su ne aka fi danganta wa ƙa'idar cewa abin da aka jefar domin kowa, kowa ne zai biya shi, kuma Rumawa sun shigar da ita cikin kundin dokokin da Sarki Justiniyan ya sa aka tattara a shekarar 533. Malaman Musulunci kuma, da jiragen Musulmi suka yawaita a Bahar Rum da Bahar Maliya, sun tarar da ita a gabansu, suka auna ta da nasu ma'aunin. Imamu Ƙarafi, malamin Malikiyya na Misira wanda ya rasu a shekarar 684 ta Hijira, ya keɓe mata babi a littafinsa na Furuƙ. Ya kawo cewa a wurin Imamu Malik, in aka jefar da kayan wasu saboda tsoron halaka, masu kayan da aka jefar sun zama abokan tarayyar waɗanda nasu ya tsira, a lissafa duka a raba asarar gwargwadon dukiyar kowa. Dalilin kuwa shi ne da abin da aka jefar ne sauran suka kuɓuta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi cancantar ya ɗauki asarar shi kaɗai. Ya kuma kawo cewa Imamu Abu Hanifa da Imamu Shafi'i ba su tafi a kan haka ba. A wurinsu wanda ya jefar da kayan wani shi ne zai lamunce, wanda kuwa ya jefar da nasa, asararsa ce.

Kada a yi gaggawar raina wannan magana ta biyu. Tana tsaye ne a kan tushe mai ƙarfi, watau kare dukiyar mutum daga a ɗora mata nauyin da mai ita bai ɗauka ba. Amma in aka bi ta zuwa cikin jirgin, a daren guguwa, sai a ga inda take kaiwa. Kowane attajiri zai zauna a kan kayansa ya ce a jefa na wancan. Matuƙi kuwa, da ya san duk abin da ya jefa shi zai biya, hannunsa zai yi nauyi, yana jinkiri ruwa yana shiga, har a rasa kayan da jirgin da mutanen gaba ɗaya. In kuwa kowa ya san tun daga tasha cewa asarar a kan kowa za ta faɗa, to babu mai damuwa da nasa aka jefa ko na maƙwabcinsa, matuƙi ya sami sararin zaɓen abin da ya fi saurin ceton jirgi. A nan ne maganar Malik ta fi zurfi, domin ta kawar da faɗa tun kafin a fara shi. Sa'an nan wanda yake kukan an taɓa dukiyarsa ba da yardarsa ba, ya kamata ya waiwayi wanda aka jefar da injinsa ɗungum, shi ma ai ba a nemi yardarsa ba. Bambancinsu kawai shi ne na ɗaya yana kusa da hannun ma'aikata, na ɗaya yana can ƙasa, kuma wurin da aka ajiye kaya a jirgi ba mai kaya ne ke zaɓensa ba.

Fataken Gwanja na da ba za su ga baƙon abu a nan ba. Abin da madugu ya biya sarakunan hanya domin ayari ya wuce lafiya, a kan kayan kowa akan raba shi, mai jakuna goma ba ya biyan daidai da mai jaki ɗaya.

Masu injuna su ne ya fi kamata su yi wa wannan hukunci godiya. Shaihu Dardir, wanda ya rasu a shekarar 1201 ta Hijira, kuma almajiran fiƙihu a nan ƙasar suka san littafinsa Aƙrabul Masalik, ya bayyana cewa in za a yi jifa ana farawa ne da abin da ya fi nauyi ko ya fi girman jiki. Da a ce a zamanin jiragen katako ake safarar injuna, da su ne za su fara shan ruwa, a bar siliki da turare. Ashe kenan mai kaya mai nauyi, in ba don rabon asara ba, shi ne kullum zai zama fansar masu kaya marasa nauyi.

Ga yadda lissafin yake, alal misali. A ce jirgi da dukkan abin da ke cikinsa darajarsu Naira miliyan 1,000 ce, aka jefar da inji na miliyan 50 aka tsira. Asarar ta zama kashi 5 cikin 100. Mai kayan miliyan 200 zai ba da miliyan 10, mai na miliyan 20 ya ba da miliyan 1. Shi kansa mai injin ba miliyan 50 zai karɓa ba, miliyan 47 da rabi ne, domin shi ma an cire masa kashi biyar ɗinsa. Da an biya shi cif, da ya fita babu asara alhali kowa ya yi, ya zama wanda ya ci ribar guguwa. An dai yi saɓani a kan farashin da za a yi lissafi da shi. Abin da Ƙarafi ya kawo daga Malik shi ne kuɗin da aka sayi kayan, Dardir ya ce ƙimarsu ranar da suka salwanta, ƙa'idojin zamani kuwa sun ɗauki ƙimarsu a inda tafiyar ta ƙare.

Ƙa'idojin nan na zamani su ne ake kira na York da Antwerp, saboda tarurrukan da aka yi a waɗannan birane biyu na Ingila da Beljiyam a 1864 da 1877, kuma an sha yi musu gyara, har da na 1974 da 1994 da 2016. Su ne sharaɗin da ke bayan takardar lodi yake nuni gare su. A yau ba kasafai ake jifa ba, don ma'aikata ashirin da 'yan kai ba su da hanyar tura kwantena mai tan 30 cikin teku da hannu. Abin da ke shiga asarar tarayya yanzu shi ne ladan masu ceto, da kuɗin jiragen ja, da kuɗin fakewa a wata tasha, da kayan da ruwan kashe gobara ya lalata. Sharaɗin dai bai sāke ba: sai haɗarin ya zama na gaske, ya shafi jirgi da kaya baki ɗaya, kuma an yi hasarar ne da gangan, bisa hankali, domin tsirar kowa. Injin da ruwan teku ya shiga ya yi tsatsa don ba a naɗe shi da kyau ba, wannan ba ya shiga, asarar mai shi ce.

Shi jirgin fa, yana biya? Mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne a kan dukiyar fatauci kaɗai ake rabawa, ba a lissafa jirgi, ba a lissafa ma'aikatansa, ba a lissafa matafiyin da ba shi da haja, saboda maƙasudin tafiyar shi ne hajar, sauran hanya ce zuwa gare ta. Amma Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 240 ta Hijira, ya ce a sa jirgin cikin lissafi, tun da shi ma da jifan ya tsira. Duniya a yau a kan irin maganar Sahnun take tafiya, mai jirgi yana biyan rabonsa gwargwadon darajar jirginsa. Kuma lalle wannan ya fi dacewa da zamanin da jirgi ɗaya yake iya kaiwa darajar dala miliyan 100 ko fiye, gama da wuya hankali ya kwanta da a ce dukiya mafi girma a tafiyar ta tsira kyauta. Abin sha'awa kuwa, kayan sawar fasinja da wasiƙu har yau ba sa biya a ƙa'idojin York da Antwerp, kusan kamar yadda malaman da suka keɓe abin da ba na fatauci ba.

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga ma'auni ko kaɗan, shi ne ran ɗan Adam. Dardir ya fito da shi fili cewa ba a jefa mutum, ko bawa ne ko wanda ba Musulmi ba, ba a jefa bawa don ɗa ya tsira. Wanda kuwa zai kafa hujja da ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salam, da ƙuri'ar da aka yi a jirgin nan mai lodi, malamai irin su Alƙali Ibnul Arabi sun amsa masa cewa wannan al'amari ne da ya keɓanci Annabin da zamaninsa, ba shari'a ce da za a bi ba. Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba ya bukatar faɗa. Tarihi ya nuna yana bukata. A ƙarshen Nuwamba, 1781, ma'aikatan wani jirgin bayi mai suna Zong, mallakar wasu attajiran Libaful, wanda ya ɗebi mutane daga gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau zai kai su Jamaika, suka fara jefa 'yan Afirka cikin teku da ransu, har fiye da mutum 130, da hujjar wai ruwan sha ya yi ƙaranci. Da suka koma Ingila masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su fam 30 a kan kowane kai, a matsayin hajar da aka jefar don ceton saura. Kotun farko a 1783 ta ba su gaskiya. Daga baya babban alƙali Mansfield ya ce a sake shari'ar, amma babu wanda aka taɓa gurfanarwa da laifin kisa. Ƙa'idar da aka kafa don adalci ita ce aka ɗauko aka yi wannan ta'asa da ita, da zarar an yarda a rubuta mutum a layin haja.

To, in an yarda asalin rabon asara adalci ne, wannan bai wanke duk abin da ake yi da sunansa ba. Ran 6 ga Maris, 2018, gobara ta tashi a jirgin Maersk Honam a tekun Larabawa, ma'aikata biyar suka rasu. Da aka ja shi zuwa tashar Jebel Ali ta Dubai, masu kayan da suka tsira aka nemi su kawo lamunin kashi 54 cikin 100 na darajar kayansu, ladan masu ceto da asarar tarayya a haɗe, kafin a sakar musu. Babban kamfani mai inshora takarda ɗaya zai aika a wuce wurin. Ƙaramin mai masana'anta wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a inji ɗaya, bai yi inshora ba, shi sai ya nemo tsabar kuɗi fiye da rabin kuɗin injin, in ya kasa kuwa injin ya zauna a tasha kuɗin ajiya yana hawa. Kuma lissafin ƙarshe yakan ɗauki shekaru, kuɗinsa yana kwance a hannun wasu. Ƙa'ida ɗaya ce aka shimfiɗa wa kowa, amma ba ɗaya take ciwo ba.

A nan ne maganar inshora take shigowa, kuma ba sabuwa ba ce a wurin malamai. Ibnu Abidin na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836, ya riga ya yi magana a kan kuɗin da fatake ke ba wani don ya lamunce musu abin da ya halaka a jirgi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ga cewa inshorar kasuwanci tana ƙunshe da garari mai yawa, ta nuna inshorar taimakon juna a madadinta, irin wadda aka fara kafa wa kamfani a Sudan a 1979, wadda ake kira takaful. Wanda ya lura zai ga takaful da asarar tarayya daga rijiya ɗaya suke sha, sai dai ita takaful ana tara gudummawar ne kafin musiba ta sauka. Mai ɗauko inji daga ƙetare wanda ya ƙi wancan saboda tsantseni, bai kuma nemi wannan ba, bai fita daga tarayyar jirgi ba, ya dai shiga ne hannu rabbana.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne in mai jirgin ne da kansa ya jawo haɗarin. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zauruka, ta ce babu lamuni a kan mai jirgi, kuma ba shi da kuɗin dako sai ya isar da kaya. Rabin farko saboda shi amintacce ne, amintacce kuwa ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Rabi na biyu kuwa 'yan kasuwar yau za su yi fatan a ce yana aiki, domin takardun lodi da yawa sun ce dako ya zama na mai jirgi tun ranar lodi, jirgi ya isa ko bai isa ba. Amma maganar sakaci ba ta mutu ba. A watan Mayu, 2011, jirgin CMA CGM Libra ya kafe a kan tudu yana fita daga tashar Xiamen ta ƙasar Sin, masu shi suka yi shelar asarar tarayya ta wajen dala miliyan 13. Masu kashi 92 cikin 100 na kayan suka biya. Sauran suka ƙi, suka ce taswirar tafiyar da aka shirya kafin tashi tana da aibu, ba a sa gargaɗin da ya kamata a kanta ba. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta Birtaniya, wadda a Nuwamba, 2021, ta ba su gaskiya, ta ce jirgin da ya tashi da irin wannan shiri bai cancanci shiga teku ba tun farko. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sai dai shekara goma aka yi kafin ruwan ya doke shi, kuma ba kowane mai kaya ne yake da ƙarfin biyan lauya shekara goma ba.

Har yanzu ana maganar haƙƙin mai kaya ne a kan wasu. Saura haƙƙin wasu a kansa, wanda shi ne ba a cika son ji ba.

Imamul Buhari ya kawo hadisin nan sananne na Nu'umanu ɗan Bashir, inda aka buga misali da mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgi, wasu suka sami sama wasu ƙasa, na ƙasa suka yi shawarar su huda rabonsu su riƙa ɗiban ruwa don kada su dami na sama. In an bar su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Masu wa'azi sukan kawo shi wajen horo da alheri da hani da mummuna, kuma wurinsa ne. Amma ɗaya daga cikin wuraren da Buhari ya ajiye shi shi ne babin tarayya a dukiya. Kuma a lura, masu hudar nan ba mugunta suka nufa ba, sauƙi suka nema a cikin abin da suke ganin nasu ne.

Hudar wannan zamani da alƙalami ake yin ta. Mai inji mai tan 28 ya rubuta tan 22, don dako ya ragu, ko don motar da za ta ɗauka ta wuce ma'aunin hanya, ko kuwa don ƙyuya kawai, ya kwafi lambar da ke takardar maƙera bai haɗa da nauyin katako da kayan gyaran da aka cusa daga baya ba. A ransa bai cuci kowa ba, injinsa ne, kwantenarsa ce. A Janairun 2007 jirgin MSC Napoli ya tsage a cikin guguwa a mashigin ruwan Ingila, aka ja shi aka kafe shi a gaɓar Devon. Masu bincike sun sami babban dalilin a ƙirar jikin jirgin, amma da suka auna kwantena 660 da ke samansa, sai suka tarar 137 nauyinsu ya saɓa wa abin da aka rubuta da fiye da tan 3 kowace, akwai wadda bambancinta ya kai tan 20, jimlar ƙarin kuwa tan 312. Watau ɗaya cikin biyar ba gaskiya ta faɗa ba. Ran 3 ga Janairu, 2015, jirgin Hoegh Osaka, ɗauke da motoci da manyan injunan gine-gine, ya tashi daga Southampton, yana shan kwana ya karkace fiye da digiri 40, kayan ciki suka zame har suka huda jikinsa, ya kafe a kan tudun yashi. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Bincike ya nuna benayen sama a cike suke na ƙasa babu nauyi, ainihin nauyin kayan da wuraren da aka ajiye su sun saɓa wa lissafin da aka ba jirgin, kuma ba a yi lissafin daidaitonsa ba kafin tashi.

Ƙa'idojin York da Antwerp suna da hukunci a kan maƙaryaci wanda alƙalin Malikiyya ba zai ƙi sa masa hannu ba. Kayan da aka ɓoye wa mai jirgi, ko aka faɗi abin da ba su ne ba da gangan, in an jefar da su ba a biyan mai su, in kuwa sun tsira sai sun biya rabonsu. Wanda ya rage darajar injinsa a takarda, in an yi hasararsa a kan abin da ya rubuta za a biya shi, in ya tsira kuwa a kan ainihin darajarsa zai biya. Malaman da sun ce maganar wanda aka jefar da kayansa ita ake kamawa muddin ta yi kama da gaskiya, gama a zamaninsu ba kowane kaya ne yake da takarda ba. Yanzu takarda ta riga shi magana, kuma shi ne ya rubuta ta.

Tun ran 1 ga Yuli, 2016, dokar kare rayuka a teku, wadda hukumar sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya take kula da ita, ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai mai kaya ya ba da tabbataccen nauyinta, ko dai a auna ta bayan an cika an rufe, ko a auna duk abin da ke ciki a haɗa da nauyin ita kanta, kuma sai da sa hannun mutum takamaimai wanda mai kayan ya wakilta. Amma ba kowace tasha ce take sake aunawa ba, mataimakin kyaftin kuwa ba ya buɗe akwati. Lambar da aka ba shi ita yake shigarwa a kwamfutar jirgi, da ita ake yanke ko injin zai kwana a can ƙasa ko a ɗora shi a sama a kan kayan wasu, da ita ake sanin yawan ruwan da za a ɗura a tankunan gindin jirgi don ya tsaya daidai, da yawan sarƙar da za ta riƙe shi. Sa'an nan a kwance igiya, mutum ashirin da 'yan kai, galibinsu 'yan Filifin da Indiya da wasu ƙasashe masu nisa da iyalinsu, su kwana a kan wannan lissafi sati huɗu ko biyar kafin su hangi tasha.